Tsakanin Birnin Tagulla da Tafkin Chadi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Samaru, ina karatun haɗa magunguna. Tun ina sakandare nake son ƙagaggun labarai irin na kumbo da wasu duniyoyi da yadda rayuwa za ta kasance nan da shekara ɗari. Yayana ya ce duk tatsuniya ce da ɓata lokaci, in koma littattafan tarihi da kimiyya. Na gwada, amma ko wane iri na karanta, bayan wata guda sai in ga ba abin da ya zauna mini. In bar su ne? Kuma yaya ake yi karatu ya zauna?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'ar karatu.

Kada ki bar su. Sai dai kafin ki ruga ki ce wa yayanki Malam ya ba ki gaskiya, ki dakata, don shi ma yana da tasa, zan kuma zo kanta.

Ki tambaye shi, cikin ladabi, ko ya taɓa zama a zauren wani malami a cikin Birni, a Unguwar Kona ko Unguwar Juma, ya ji ana jan Muƙamar Hariri. Maƙama 50 ne, kusan duk a kan wani tsoho mai zaƙin baki, Abu Zaid, da ke bin gari-gari yana raba mutane da kuɗinsu da fasahar harshe. Ƙagaggun labarai ne, Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122, shi ya tsara su. Amma ba a ba ɗalibi wannan littafi sai ya yi nisa, kuma wanda ya sauke shi ana yi masa kallon ya san lugga. Ban taɓa jin an ce malamin da ke karantar da shi yana ɓata lokaci ba.

Kuma ba garin nan ne zai raina ƙagaggen labari ba, tunda a nan aka yanke masa cibiya a rubutun boko na Hausa. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai. Daga cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Gandoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Biyun farko cike suke da aljanu da ƙasashen da ba su cikin taswira. Imam ɗin nan kuwa, bayan ya rubuta Magana Jari Ce, shi aka ɗauka editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Hannun da ya rubuta aku mai ba da labari shi ya riƙa rubuta labaran yaƙin duniya na biyu, bai kuma rikita su ba. A 1969, shekarar da kumbo Apollo 11 ya sauke mutum a kan wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya. Irin abin da kike karantawa da Turanci ke nan, ga shi da Hausa, tun ba a haifi yayan naki ba.

Abin da shekarun koyar da adabi suka koya mini shi ne kowane littafi da alkawarin da yake ɗaukar wa mai karatu, kuma da wannan alkawarin ake kama shi. Ki tuna yadda kakarki ke rufe tatsuniya: ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don gizo ba da na yi ƙarya, da ma ƙaryar ce. Ta faɗa miki da bakinta, ba ta cuce ki ba. Mai ƙagaggen labari haka yake, cewa yake yi ki ara mini yarda ta ɗan lokaci, zan sauya abu ɗaya ko biyu a duniya mu ga yadda ɗan'adam zai yi. Mai littafin tarihi ko kimiyya kuwa cewa yake yi abin nan ya faru, ko haka abin yake. Na farko ba a nemansa da shaida. Na biyu, in ba shaida, an gama da shi.

Wanda ya fi kowa nuna mini wannan bambanci Ibn Khaldun ne, a Muƙaddimarsa ta 1377. Akwai labarin Birnin Tagulla, birnin da aka ce an gina shi kacokan da tagulla a cikin hamada, ƙofofinsa a rufe, duk wanda ya hau ganuwarsa ya leƙa sai ya tafa hannu ya faɗa ciki, ba a sake ganinsa. Labarin yana cikin Dare Dubu da Ɗaya, kuma a can ba mai ƙorafi, daɗinsa ake sha. Amma Mas'udi ya kawo shi a littafin tarihi, ya ce a hamadar Sijilmasa yake, Musa bin Nusair ya bi ta wajen. Nan Ibn Khaldun ya ce bai yarda ba. Dalilinsa biyu, kuma ki lura da sauƙinsu: ayari da masu ja-gora sun ratsa wannan hamada ba iyaka, ba wanda ya dawo da labarin birnin, sannan tagullar da ke hannun mutane da kyar take isa a yi kwanuka da kayan ɗaki, ina za a sami ta gina birni? Labari ɗaya ne, a wani wuri halalinsa ne, a wani wurin kuwa kutse ya yi. Mai karatun da ya iya gane a wane ɗaki yake zaune ya yi rabin aikin.

To, in kin buɗe labarin kumbo ko na gobe, abin farko da za ki nema shi ne “da a ce” ɗin marubucin. Me ya sauya? Ya tsaya a kan dokar da ya kafa wa kansa, ko kuwa da jarumi ya shiga tsaka mai wuya sai a fito da wata na'ura da ba a taɓa ambata ba ta cece shi? Wannan na biyu ragon marubuci ne, ki ajiye shi ba tare da jin nauyi ba. Kada kuma ki auna su da ko abin da suka faɗa ya tabbata. Mutane na son su ce Jules Verne ya hango tafiya wata tun 1865, mutum uku, daga Fulorida, kamar yadda aka yi a 1969. Haka ne, amma shi a cikin bakin wata ƙatuwar igwa ya harba su, wanda da an gwada da sun zama dakakken yaji kafin su bar ƙasa. Dacen da ya yi da kuskuren da ya yi duk ba su ne darajar littafin ba.

Darajar tana wajen abin da labarin ya sa kika gani a naki gida. Ki ɗauki The War of the Worlds na H. G. Wells, wanda ya fito a 1898, lokacin da Ingila ke ganin ba wanda ya isa ya ɗaga mata yatsa. Ya ce da a ce wasu halittu daga duniyar Mars su sauko kusa da Landan da makaman da igwar Ingila ba ta iya tare su fa? Tun a babin farko ya tuna wa masu karatunsa yadda Turawa suka ƙarar da mutanen Tasmaniya, wato kafin ku zargi baƙin nan ku dubi hannunku. Shekara biyar kacal bayan haka, a ƙarshen Janairun 1903, rundunar Kanar Morland ta tashi daga nan Zariya ta nufi Kano da igwa da bindiga mai ruwa. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, Sakkwato a watan Maris, Burmi a Yuli. Bature in ya karanta Wells tsoron abin da bai same shi ba yake ji. Ke kuwa jikar waɗanda abin ya sauka a kansu ce, don haka littafin da ke hannunki ba shi ne ke hannunsa ba, ko da bugu ɗaya ne.

Sai ki ɗora da Gandoki. Ya fara da yaƙe-yaƙen Turawa na gaske, da sunayen garuruwan da muka sani. Da aka ci ƙasa, sai Bello Kagara ya kwashi jaruminsa ya yi gabas da shi, ƙasashen aljanu, inda takobi ke da sauran amfani. Na daɗe ina juya wannan a raina. Malamin makaranta ne a ƙarƙashin mulkin Turawa, yana rubuta labarin da Bature zai duba ya ba da maki. Ina zai kai mutumin da ya ƙi yarda an ci shi da yaƙi? A ƙasar Hausa ta 1933 ba shi da wurin tsayawa, sai a ƙasar aljanu. Ni a ganina aljanun nan sun faɗi wani abu game da zuciyar wanda aka ci da yaƙi wanda rahoton Razdan ba zai taɓa faɗa ba.

Yanzu ga gaskiyar yayanki. Da yawa daga cikin littattafan nan shara ce: juzu'i bakwai, kowanne kamar bulo, ba komai ciki sai faɗa da sunaye masu wuyar faɗa. An gina su ne don kada ki iya ajiyewa, kuma ɗalibar haɗa magunguna da jarrabawa ke gabanta ba ta da daren da za ta ba su. Wasu akwai batsa, wasu an rubuta su daga tunanin da bai san da Mahalicci ba, ki shiga da idonki a buɗe, wanda ya wuce gona da iri ki rufe shi. Wani ma zai ce miki rubuta abin da zai faru a 2066 shiga gaibu ne. Fatawa ta malamai ce, ki tambaye su in ranki bai kwanta ba, amma marubucin dai bai ce ya san gobe ba. Manomin Giwa da ya ce in damina ta makara masara za ta yi tsada lissafi yake yi, ba duba ba.

Inda na rabu da yayan naki shi ne zaton cewa da zarar littafi ya ce shi na tarihi ne ko na kimiyya, sai mutum ya saki jiki. A nan ma aka fi cutuwa, don mai tatsuniya ya yi miki gargaɗi, wannan kuwa da rawani ya zo. Ki ɗauki Sarauniya Amina, wadda ɗakin kwanan ɗalibai mata a can Samaru ke ɗauke da sunanta. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata babanni 40 da goro 10,000. Wasu littattafan kuwa, har da waɗanda aka koya mana a makaranta, sun ce 'yar Bakwa Turunku ce, a ƙarni na 16 ta yi zamani, wajen 1576 ta hau mulki. Tsakanin maganganun biyu akwai shekara kusan 150. Shi kansa Tarihin Kano, a siffar da muke da shi, a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi, ɗaruruwan shekaru bayan abin da yake ba da labari. Wannan bai rage wa Amina komai ba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. Amma littafin da ya ba ki shekara ɗaya tak bai gaya miki akwai saɓani ba, ya ɓoye miki abu. Marigayi Yusufu Bala Usman, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello har rasuwarsa a 2005, a kan wannan ya tsaya kai da fata: kafin ka ɗauki maganar mai ba da labari, ka tambayi wane ne shi, wa ya gaya masa, me yake nema. Har Heinrich Barth, wanda ake ɗaukar rubutunsa kan ƙasar Hausa kamar yankan wuƙa, sai da ya ɗora shi a kan sikeli.

Wani lokacin kuma ba ƙarya littafi ya yi ba, shiru ya yi. M. G. Smith da matarsa Mary sun zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950. Shi ya fitar da Government in Zazzau a 1960, sarauta da muƙamai da gidajen mulki. Ita kuwa ta zauna da wata tsohuwa ta rubuta rayuwarta daga bakinta, aka buga Baba of Karo a 1954: aure da saki, goyo, ƙawance, bori, harin masu kama bayi, zuwan Turawa yadda aka gan shi daga cikin gida. Ƙasa ɗaya, lokaci ɗaya, miji da mata. In kika karanta nasa kaɗai za ki ɗauka ba mata a Zazzau.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Shekarun baya ina koyar da wani aji, muna tattauna Dune na Frank Herbert, littafin 1965 da ya ƙago duniyar da ba komai sai rairayi, inda mutane ke sa tufar da ke tace gumin jikinsu su sake sha, in mutum ya mutu ruwan jikinsa na jama'a ne, tofa yawu a gaban mutum kuma girmamawa ce don ka ba da abin da ya fi komai tsada. Duk wanda ya taɓa jiran mai ga-ruwa a watan Afrilu a Tudun Wada ba ya bukatar sharhi. Don in nuna musu abin ba nisa yake ba, sai na kawo Tafkin Chadi: murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, sannan farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. Har nan daidai ne. Amma na ƙara da abin da na tsinta a wani littafi mai zafin harshe, cewa tafkin na gab da ɓacewa kwata-kwata. Wani ɗalibi ɗan wajen Baga ya ɗaga hannu ya ce, Malam, ruwan nan tafiya yake yi ya dawo, inda muka yi noma bara bana kwalekwale ke bi. Da na koma na bincika sai na ga shi ke da gaskiya: tafkin ba shi da zurfi, mafi yawan ruwansa daga kogin Shari yake zuwa, don haka faɗinsa na sauyawa da damina da kuma shekaru, ya danganta da lokacin da aka auna. Herbert bai ruɗe ni ba, don bai taɓa cewa duniyarsa na nan ba. Mai alƙaluman ne ya ruɗe ni, ni ma da laifina, tunda ban tambaye shi a wane wata aka auna tafkin ba.

Batun mantuwa kuwa, ba ƙwaƙwalwarki ce ta lalace ba, hanyar ce. A zaure ba a jan shafi 30 a zama ɗaya. Layi kaɗan malam zai karanta ya fassara, ɗalibi ya koma gida ya yi bita, gobe ya zo ya biya. Ki dubi tsofaffin littattafan malamai, gefen kowace takarda cike da hashiya, mai littafin yana magana da marubucin. Mu kuwa mun koma zazzage littafi a waya, muna karantawa saƙon WhatsApp na faɗowa a kai. In a waya za ki karanta, ki kashe data.

Ki sayi littafin rubutu guda, na wannan aiki kaɗai. Duk sanda kika tashi daga karatu ki rufe littafin, ki rubuta layi uku ko huɗu daga kanki, ba kwafe ba. In ƙagagge ne, me aka sauya, wa abin ya amfana, wa ya cutar. In na ilimi ne, me marubucin ke so in yarda da shi, wace shaida ya kawo, wa ya bari a waje. Kuma ki rubuta da Hausa, ko da littafin na Turanci ne. Wannan ita ce jarrabawar da ba a satar amsa: Turanci na barin mutum ya maimaita kalmar da bai gane ba, amma ranar da kika zauna za ki bayyana wa ƙanwarki da Hausa, nan take za ki ga inda ramin yake. In kin gama littafi kada ki buɗe wani a daren, ki bar shi ya kwana biyu a ranki.

Abin da ya fi yi mini amfani duka shi ne karanta su biyu-biyu, ƙagagge ɗaya da na ilimi ɗaya a kan matsala guda, don kowanne yana riƙe ɗan'uwansa a ƙwaƙwalwa. Tunda magani kike karanta, ki fara da Frankenstein na Mary Shelley, wanda ya fito a 1818 tana da shekara 20. Ki manta da dodon da ake nunawa a fim. Labarin ɗalibin kimiyya ne da ya haɗa halitta, da ta buɗe ido ya tsorata ya gudu ya bar ta, kuma duk ɓarnar da ta biyo baya daga wannan gudun ta faro. Ki haɗa shi da The Immortal Life of Henrietta Lacks na Rebecca Skloot, na 2010, labarin gaske na wata baƙar fata 'yar Amurka da aka ɗebi ƙwayoyin jikinta a wani asibiti a Baltimore a 1951 ba tare da an nemi izininta ba. Ta rasu a shekarar, ƙwayoyin suka ci gaba da hayayyafa a ɗakunan bincike, har aka yi amfani da su wajen gwada rigakafin shan-inna, iyalinta kuwa sai bayan shekara 20 da wani abu suka sani. Ɗaya ya tambayi me ke kan wanda ya iya yin abu, ɗayan ya nuna miki mutane masu farar riga irin wadda za ki sa, da abin da suka yi da iyawarsu. Bayan su, in kina son na kusa da gida, akwai Lagoon na Nnedi Okorafor, na 2014, inda baƙin sararin samaniya suka ƙi Landan da Niyok suka sauka a tekun Legas.

Shi kuma yayan naki kada ki yi masa gardama, ba ta da riba. Ki nemo Gandoki wajen masu sayar da littattafan Hausa a Sabon Gari ko Tudun Wada, ki ajiye masa a inda yake cajin waya, kada ki ce komai. Gajere ne, zai gama shi tsakanin La'asar da Isha'i. Ki gaishe shi, ki gaida su Mama.